Bita da horas da ma'aikatan hukumomin tsara birane: tambayoyin da ake yawan yi min

Assalamu alaikum. Na daɗe ina aiki a ɓangaren tsara birane, kuma a 'yan shekarun nan ni ke riƙe da harkar tura ma'aikata bita a inda nake. Tambayoyin nan kusan kullum su ne dai ake maimaitawa, daga ƙananan ma'aikata, daga daraktoci, har da masu kawo tallafi, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Wai da yin bita da ƙarfafa hukuma ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Bita tana ƙara wa mutum ɗaya sani ne, shi kuwa ƙarfafa hukuma shi ne ita hukumar da kanta ta iya yin aikin da a da yake gagararta, ko da wanda aka horas ɗin ya tafi hutu ko an yi masa canjin wurin aiki. Abu uku ne sai sun haɗu: mutum ya iya aikin, ofis ya ba shi kayan yi, sannan doka da shugabanni su tsaya masa. Ɗauki jami'in duba gine-gine, ka koya masa auna tazarar da ya kamata a bari tsakanin gini da titi, ya iya sarai, toh amma babu ko babur ɗin fita, in ma ya fita da kuɗin aljihunsa ya shafa jan fenti a katanga kafin ya dawo ofis waya ta riga shi zuwa, ka ga nan ilimin yana nan amma hukumar tana inda take.

2. Waɗanne hukumomi ake nufi?

Duk masu hannu a yadda gari ke faɗaɗa. A Kano akwai KNUPDA ta tsara birane da KANGIS ta bayanan filaye da REMASAB ta kwashe shara, a Kaduna akwai KASUPDA ta tsara birane da KADGIS ta bayanan filaye, a Abuja akwai FCDA ta raya birnin tarayya da aka kafa a 1976 da AGIS ta bayanan filaye da ta zo a 2003, sai ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohi, hukumomin ruwa, da sashen ayyuka na ƙananan hukumomi wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Birnin Kano kaɗai ƙananan hukumomi 8 ya haɗa: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma ruwan sama in ya taso ba ya tambayar iyakar kowacce.

3. Kullum ana bita, me ya sa aikinmu bai canza ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai, don na ga abin da idona. Wata shekara mun tura mutum shida bitar kwana biyar kan taswirar kwamfuta, wato GIS, a wani otal a wani gari. Sun dawo da jaka da satifiket da hoton rufe taro, kuma wallahi sun dawo da zumuɗi, biyu daga cikinsu har tebur ɗina suka zo suna nuna min abin da suka rubuta. Amma kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar guda ɗaya ce tak a ofis, tana ɗakin darakta, in ya fita ana kullewa. Bayan wata huɗu na ce wa ɗayansu ya buɗe min taswirar wata unguwa, ya zauna yana kallon allon, hannunsa a kan linzami, ya rasa inda zai fara. Na ji kunya a madadinmu, don ba laifin yaron ba ne.

Abin da na fahimta tun daga ranar, yawancin bitocinmu daga kuɗi suke farawa: an saki kuɗin horo a ƙarshen shekara, ko wata ƙungiya ta kawo tallafi, sai a nemo take a liƙa. Bitar da ke aiki kuwa daga wani aiki da ya maƙale take farawa, wani fayil da ya ƙi motsi, wata unguwa da ke cika da ruwa duk damina, kuma ba a cewa ta ƙare sai wannan aikin ya motsa. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan na ɗora su, musamman ta 4 da ta 13.

4. Toh ta yaya za mu gano horon da muke buƙata da gaske?

Kar ka fara da raba takarda kana tambayar ma'aikata wane kwas suke so, kowa zai rubuta kwamfuta ko ƙasar waje. Bi fayil. Ɗauko fayil goma na neman izinin gini da aka gama a bara, ka zauna da rajista, ka rubuta ranar da kowane ya shigo da ranar da ya bar kowane tebur, za ka ga inda suke kwana. Mu da muka yi namu mun zaci matsalar tana wajen masu duba zanen gini ne, ashe fayil ɗin suna kwana ne wajen jiran rahoton ziyarar fili, saboda mutum biyu ne kawai suka iya rubuta shi yadda darakta zai karɓa, sauran in sun rubuta sai a dawo musu da shi ba tare da an gaya musu inda suka kuskure ba. Maganin bai wuce fom na shafi ɗaya da zama uku na bayan azahar ba, ɗayan ma a fili muka yi shi da tef a hannu.

In ka gano inda aikin ke tsayawa, sai ka yi wa kanka tambaya uku a kan mai teburin: bai iya ba ne, ba shi da kayan yi ne, ko kuwa ya ga ko ya yi ko bai yi ba duk ɗaya ne? Ta farkon ce kawai bita ke magani. Ta biyu sayayya take buƙata, ta uku kuma maganar shugabanci ce, in ka tura irin wannan mutumin bita asarar kuɗi ka yi.

5. Wa ya kamata a tura?

Wanda hannunsa ke kan aikin ranar Litinin. Sau da yawa takardar gayyata tana zuwa ta tsaya a sama, mai mataki na 15 ko 16 ya tafi koyon abin da mai mataki na 7 ko 8 ne zai yi shi. Ban ce manya ba sa buƙatar horo ba, suna buƙata, amma nasu daban ne: yadda za su karanta rahoton da aka kawo musu, yadda za su kare kasafi a gaban majalisa, yadda za su tsaya wa yaransu in an matsa musu lamba. Kuma kar a tura mutum ɗaya shi kaɗai, a tura biyu ko uku daga sashe ɗaya, in da hali har da shugaban sashen ko da na rana ɗaya ne, don in ya dawo shi kaɗai da sabon abu ofis zai haɗiye shi cikin sati biyu.

Akwai kuma mata ma'aikata da ake tsallakewa da sunan wai ba za su iya kwana a wani gari ba, alhali ko tambayarsu ba a yi ba. A tambaye su. In kuma an yi bitar a cikin gari ana tashi kafin la'asar, maganar ma ba za ta taso ba, duba amsa ta 7.

6. Yallabai, a faɗi gaskiya, ai don alawus ake zuwa bita.

Gaskiya ne, kuma ni ba na ganin laifin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata in ya sa rai da kuɗin kwanan hanya, haƙƙinsa ne in an tura shi. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da alawus ɗin ya zama shi ke zaɓen wanda zai je, sai bita ta koma rabon arziki tsakanin 'yan gaban goshi, wanda aka bari kuma ya ƙullaci abin har ya ƙi koyo daga wanda ya dawo. Abin da na ga ya rage rigimar: a liƙa jerin sunayen waɗanda suka je bita cikin shekara uku da suka wuce a allon sanarwa kowa ya gani, a rubuta dalilin zaɓen kowane mutum a cikin takardar turawa, sannan horon da aka yi a cikin ofis shi ma a ba shi satifiket a saka a fayil ɗin mutum ya yi masa amfani ranar ƙarin girma. In ba haka ba babu mai son na cikin gida.

7. A otal ya fi ko a ofis? Kuma kwana nawa?

In abin hannu ne, a yi shi inda aikin yake, da kwamfutar da mutum zai ci gaba da amfani da ita da kuma fayil na gaske, gani ya kori ji. Kwana biyar a jere daga safe zuwa yamma kai ba ya ɗauka, gara kwana biyu, a koma bakin aiki sati uku a gwada, a dawo kwana ɗaya kowa ya kawo inda ya maƙale, wannan rana ta ukun ita ce ta fi kowacce albarka. Fita wani gari tana da amfani in za a je ganin hukumar da ta riga ta yi abin, misali a je a zauna a ga yadda fayil ke tafiya a KADGIS ko AGIS daga karɓa har fitowar takarda, a yi hira da masu zama a kanta ba shugabanni kawai ba.

Lokaci ma abin lura ne. Bitar magudanan ruwa a yi ta a watan Maris ko Afrilu, bayan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fitar da hasashen damina, ba a fafe gora ranar tafiya. A guji azumi da yammacin Juma'a da kuma watan Disamba da kowa ke neman rufe lissafi.

8. Wace doka ya kamata a koya wa ma'aikatanmu?

Dokar jiharku tukuna. Akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, akwai dokar tsara birane ta tarayya mai lamba 88 ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka malamin da ya zo da darasin dokar tarayya kawai bai taɓa buɗe dokar da ta kafa hukumarku ba, a ba shi ita tun sati biyu kafin bitar. Kuma a tabbatar har masinja da mai karɓar baƙi sun iya bayyana wa mai fili cewa takardar shaidar mallaka daban, izinin gini daban, don rigima da yawa daga nan take tashi, mutum ya zo da satifiket ɗinsa a hannu yana rantsuwa gwamnati ta ba shi izini.

9. An koya mana GIS amma babu lasisin manhaja, babu kwamfuta. Ya za mu yi?

Tun kafin a sa ranar bita ya kamata kayan su iso, wannan sharaɗi ne da nake gindaya wa duk mai kawo mana tallafi yanzu, dalilin yana amsa ta 3. In kuma an riga an yi, manhajar taswira ta QGIS kyauta ce kuma tana yin kusan duk abin da ƙaramin ofis ke buƙata, KoboToolbox na ba ka damar tattara bayanan gine-gine da wayar Android ko babu intanet a fili, Google Earth kuma yana da tsofaffin hotuna da za ka ja baya ka ga shekarar da aka cike wani kududdufi aka yi gini a kai. Ku zaɓi unguwa ɗaya ƙarama ku gama taswirarta tsaf, magudana da kwalbati da makaranta da fegin da aka ware, kafin ku ce za ku yi gari duka.

10. Mun ɗora tsohon awo a kan hoton tauraron ɗan'adam sai fuloti ya matsa ya hau titi. Kuskuren safiyo ne?

Yawanci ba nasa ba ne. Tsofaffin awon Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tushen lissafin matsayin wuri a taswira, ita kuwa GPS da hotunan Google a kan ma'aunin duniya na WGS84 suke, in ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba fili zai matsa da gomman mitoci. Sannan Najeriya ta ratsa shiyyoyi uku na UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya: Sakkwato tana 31, Kano da Kaduna da Abuja suna 32, Maiduguri tana 33. Na kawo wannan tambayar musamman saboda ita ce misalin abin da bitar otal ke tsallakewa, malamin yana koyarwa da taswirar gwaji da ya zo da ita komai na zama daidai, sai ka dawo ka ɗauko naka fayil ɗin. Kuma abin ba wasa ba ne, kuskure irin wannan zai iya sa a shafa wa gidan bawan Allah jan fenti alhali yana cikin iyakarsa. Duk bitar GIS da ba a ware mata rabin yini kan wannan ba, da takardun awon ofishinku, ba ta cika ba.

11. Ina ake samun horo mai inganci?

Ya danganta da abin da amsa ta 4 ta nuna muku. Harkar taswira da awo akwai AFRIGIST a Ile-Ife wadda a da ake kira RECTAS, da makarantar safiyo ta tarayya a Oyo. Harkar mulki da gudanarwa akwai kwalejin horas da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry da asusun horas da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos. Ƙwararrun masu tsara birane kuma suna da ƙungiyarsu ta NITP da aka kafa a 1966 da hukumar yi musu rajista ta TOPREC ta 1988 masu shirya bitar sabunta ilimi ta dole. Amma kar a raina na kusa, sassan tsara birane na ABU Zariya da BUK da Kaduna Polytechnic suna da malaman da suka san unguwanninmu da ƙafa, kuma in ka maƙale bayan wata biyu za ka iya shiga mota ka je ka same su. Kafin ka ɗauki kowane kamfani, ka ce su ba ka sunan hukumar da suka horas bara, ka kira ka tambaya me ya canza.

12. Masu unguwanni da dillalai fa, su ma sai an horas da su?

Ƙwarai kuwa. Babban ɓangaren faɗaɗar garuruwanmu awon igiya ne, gona ce ake yankawa tsakanin mai gona da dillali da mai unguwa ko dagaci, kafin hukuma ta ji labari an kai linta. Waɗannan mutanen su ne ke tsara gari a aikace, toh in ba su san faɗin hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga ba, ko dalilin barin hanyar ruwa da filin makaranta da maƙabarta, wa zai sani? Zama da su a yi shi da Hausa, a ƙofar fadar hakimi in zai yiwu, da girmamawa, a fita da igiya da tef a auna a gabansu. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta sa mutane da yawa sun fara sauraren maganar hanyar ruwa da kunnen da a da ba su da shi, kuma su ma suna da abin koya mana, dattijon unguwa ya san inda ruwa ke bi tun kafin a haifi injiniyanmu.

13. Ta yaya za mu san bitar ta yi amfani?

Takardar da ake cikewa ranar rufewa, abinci ya yi daɗi, malami ya iya bayani, ba ta nuna komai sai jin daɗin mahalarta. Akwai tsarin da wani malami Ba'amurke mai suna Kirkpatrick ya fitar a 1959 mai hawa huɗu: sun ji daɗi, sun koya, sun canza yadda suke aiki, sannan hukumar ta ga sakamako. Mu kusan kullum a hawa na ɗaya muke tsayawa. Hawa na uku da na huɗu ba sa buƙatar kwansoltan, waɗancan fayil goma na amsa ta 4 su ne ma'auninka, bayan wata uku ka sake ɗauko wasu goma ka ƙirga kwanakin. Kuma kowane mahalarci kafin ya tafi ya rubuta abu ɗaya da zai yi in ya dawo, da rana, shugaban sashensa ya sa hannu, ranar ta zo a zauna a duba. In bai yi ba a tambaye shi me ya hana shi kafin a yi masa faɗa, amsar da zai bayar ita ce za ta nuna maka matsala ta gaba.

14. Mun horas da mutum, an yi masa canji ko ya yi ritaya, mun koma gidan jiya.

Canji ba a hannunmu yake ba sau da yawa, amma za a iya rubuta wa ofishin shugaban ma'aikata a roƙi a bar wanda aka kashe wa kuɗi ya yi ko shekara biyu a kan kujerar, kuma shi ya sa na ce a tura biyu ko uku. Wanda ya dawo ya koyar da 'yan sashensa cikin sati biyu, ya rubuta matakan aikin a shafi biyu da harshe mai sauƙi a liƙa a bango.

Ritaya kuwa ai ba ta zuwa ba zata, shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, ranar tana fayil. Amma sai mu bar mutum ya tafi da duk abin da ke kansa, inda tsohon burtali ya bi, wane fegi aka ware wa asibiti, wace durowa ce ke da asalin zanen wata shimfiɗar filaye. Matasanmu da yawa ba su taɓa riƙe babban tsarin birnin Kano na 1963 zuwa 1983 da Trevallion ya zana ba, ko na Kaduna na 1967 da kamfanin Max Lock ya zana, balle su san me aka bi me aka bari. Shekara ɗaya kafin dattijo ya tafi a haɗa shi da matasa biyu, duk sati su fita zagaye da shi a mota yana nunawa suna rubutawa suna ɗaukar lambar GPS. Na yi wannan da wani babanmu a ofis, a wata fita ɗaya ya tsayar da mu a bakin wani layin shaguna ya ce nan ƙarƙashin akwai kwalbati babba, muka duba babu ita a kowace taswira da muke da ita.

15. Babu ko sisi na horo a kasafinmu bana. Akwai abin da zan iya farawa?

Akwai. Nemi izinin darakta na awa ɗaya duk ranar Laraba bayan sallar azahar. Satin farko ku bi fayil goma tare kamar yadda na faɗa a amsa ta 4, ku rubuta kwanakin a allo kowa ya gani. Sati na biyu wanda ya fi kowa iya aikin teburin da fayil ke kwana ya nuna yadda yake yi, da fayil na gaske a hannu, sati na uku ku fita fili mafi kusa da ofis a ƙafa. In kuna da ɗaliban SIWES masu zuwa sanin makamar aiki ko 'yan bautar ƙasa da suka iya QGIS, ku ba su Laraba ɗaya su koyar, ku kuma ku koya musu karatun fayil. Ka sayi littafi mai bangon kwali ka riƙa rubuta ranar zama, sunayen waɗanda suka zo, da abin da aka ce za a gwada kafin Laraba mai zuwa, lokacin kare kasafin baɗi da wannan littafin za ka shiga ofishin manajan darakta.